ISO 14001 da dokar muhalli ta Nijar: abin da kowace takarda ke tabbatarwa a masana'antun Damagaram

Duk ɗan kwangilar da ya ɗauki takardun neman aiki na wani babban shiri da Bankin Duniya ko wani mai ba da tallafi ke biya a jahar Damagaram, na hanya ne ko na rijiyoyin burtsatse ko na ginin azuzuwa, zai tarar da shafin da ake tambayarsa yadda zai bi da muhalli. A wani wuri a ce ya kawo PGES, wato shirin kula da muhalli da jama'a na aikin, a wani a tambayi tsarin kula da muhalli na kamfaninsa, a wani kuma a nemi sanin ko yana da ISO 14001. Mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne aka sa wa suna uku. Ruɗanin ya ƙaru a watan Fabrairun 2024, lokacin da ISO, hukumar da ke tsara ƙa'idojin aiki ta duniya, ta saka batun sauyin yanayi cikin ƙa'idar tata, har wasu suka zaci sabuwar doka ce ta hau kan kowa. Takardun nan ba ɗaya ba ne, kuma ba hukuma ɗaya ke da iko da su ba.

Wace ce dole, wace ce ganin dama

Abin da ya zama dole a Nijar doka ce ta kawo shi. Akwai babbar dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, sai doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin auna illar ayyuka ga muhalli, da dokar zartar da ita ta watan Janairun 2019. A ƙarƙashinsu, kafin a soma aiki mai haɗari sai an yi nazarin illarsa ga ƙasa da jama'a, an ji ta bakin mutanen wurin, ofishin BNEE, wato ofishin ƙasa mai auna illar ayyuka ga muhalli, ya duba rahoton, sannan hukuma ta ba da takardar shaidar dacewa. PGES ɓangare ne na wannan nazari: jerin alƙawuran da mai aikin ya ɗauka, wane mataki zai ɗauka, yaushe, wa zai yi, nawa zai ci. Wanda ya saɓa masa ya saɓa wa hukuma.

Tsarin kula da muhalli, wanda ma'aikatan ofis ke taƙaitawa da SME, shi kuwa tsarin cikin gida ne. Shi ne yadda ma'aikata ke sanin abin da take ci da abin da take zubarwa, ta ɗora wa mutane alhaki da sunansu, ta riƙa aunawa, ta riƙa gyarawa. ISO 14001 ita ce ƙa'idar duniya da ta fayyace abin da irin wannan tsari zai ƙunsa. Bin ta ganin dama ne, sai dai in mai sayen kayanka ko bankin da zai ba ka bashi ya gindaya ta a matsayin sharaɗi. Kamfani na iya kafa tsarin ya yi aiki da shi shekara da shekaru bai nemi takardar shaida ba. Haka kuma takardar ISO ba ta ɗauke wa kowa dokar ƙasa. Hasali ma ƙa'idar ta tilasta wa mai bin ta ya tattara duk dokokin da suka hau kansa, ya riƙa duba ko yana cika su.

Inda abin ya samo asali

Ingila ce ta fara fitar da irin wannan ƙa'ida a 1992, mai suna BS 7750, a shekarar da aka yi babban taron muhalli na Rio a Brazil. Tarayyar Turai ta biyo da nata tsarin, EMAS, a 1993. Hukumar ISO da ke Geneva ta fitar da ISO 14001 a 1996, ta sake mata fasali a 2004, ta kuma yi mata babban garambawul a 2015, inda aka ɗora nauyin kai tsaye a wuyan shugaban ma'aikata, aka kuma ce a dubi kaya tun daga inda aka samo ɗanyensu har inda za su ƙare bayan an gama amfani da su. A ƙidayar ISO ta 2022 takardun shaidar da ke aiki a duniya sun haura 500,000, mafi yawansu a ƙasar Sin.

Gyaran 2024 gajere ne. An ce kowace ma'aikata ta tantance ko sauyin yanayi ya shafi aikinta, ta kuma lura cewa masu hulɗa da ita na iya samun buƙatu a kan hakan. A Zinder wannan tambaya tana da amsa a fili. Wanda ya ga ruwan damanar 2024, wadda a cikinta tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba, ya san cewa ma'ajiyar magungunan ƙwari ko ramin baƙin mai da aka haƙa a kwari na iya cika ya malala cikin unguwa a dare ɗaya.

Yadda ake kafa shi

Ana farawa da shata iyaka: wane gida, wane aiki, waɗanne motoci ne tsarin zai rufe. Daga nan shugaba ya sa hannu a kan manufa, shafi ɗaya ya isa, wadda dole ta ƙunshi alƙawari uku: kare muhalli da hana gurɓata shi, cika dokoki da sauran sharuɗɗa, da ci gaba da inganta tsarin.

Aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ƙashin bayan komai, shi ne zagaya ma'aikatar lungu-lungu ana rubuta duk inda aikin ya taɓa muhalli. Ana raba abu biyu a nan. Akwai abin da aikin ke yi, kamar canjin man inji, wankin mota, kunna janareto, ƙona shara. Akwai kuma illar da ke biyo baya, kamar gurɓata ruwan ƙasa, hayaƙi, ƙara, ɓarnar ruwa. Kowane layi ana duba shi a hali uku: aikin yau da kullum, lokacin da ba a saba ba kamar gyaran inji, da lokacin haɗari kamar gobara ko fashewar tanki. Ƙa'idar ba ta faɗi yadda za a jera su ba, amma abin da aka fi yi shi ne a ba girman illa maki daga 1 zuwa 5, a ba yawan faruwarta maki daga 1 zuwa 5, a ninka. Duk abin da ya haura makin da aka yanke, ko wanda doka ta ambata da sunansa, shi ake sa wa ido. Matatar mai irin SORAZ, wadda ta soma aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, jerinta zai haɗa da iskar da ake ƙonawa, ruwan da ya gauraya da mai, da laka mai maiƙo ta ƙasan tankuna. Ƙaramin gareji a Sabon Gari layi goma sha biyar na iya isarsa. Hanyar dai ɗaya ce.

A ɗauki misalin kamfanin sufuri mai manyan motoci 20. A ce kowace mota tana cin lita 30 a canjin mai, ana kuma canzawa sau 6 a shekara. Lita 3,600 ke nan na sabon mai, wato tano 18 na lita 200. Inji yana ƙone wani kaso a hanya, don haka baƙin man da za a tara ba zai kai haka cif ba. Amma in littafin ma'aji ya nuna tano 7 kawai aka tara, sauran ya bi wata hanya: ko ƙasa ta sha, ko ya bi kwata zuwa tabki, ko an sayar ba a rubuta ba. Kafin a yi wannan lissafi babu wanda zai ce akwai matsala, domin farfajiyar garejin ta daɗe da yin baƙi, ido ya saba.

Matakin da ake ɗauka sananne ne. A yi daɓen siminti mai ɗan gangare inda ake canjin mai. A ajiye tanonin a cikin kewaye mai katanga gajera wanda zai iya riƙe aƙalla kashi 110 cikin 100 na abin da babban mazubi ke ɗauka, a yi masa rufi don kada ruwan sama ya cika shi. A ajiye bokitin yashi da shebur a kusa. A rubuta wa kowace tano abin da ke cikinta, kada a zuba fetur ko ruwan batir a cikin baƙin mai, domin gauraye ba ya sake amfanuwa kuma yana kama wuta. Wanda ya zo ɗauka ya sa hannu a takarda mai kwanan wata da adadin lita da inda za a kai. Tsofaffin batura, na mota da na sola, a jera su a tsaye a inuwa a kan katako, ba a fasa su a zubar da ruwan ba, saboda dalma da asid da ke ciki.

Zagayen da ba ya ƙarewa

Abin da ake nufi da ci gaba da ingantawa zagaye ne mai mataki huɗu: a tsara, a aiwatar, a duba, a gyara, sannan a sake tsarawa daga inda aka tsaya. Masana ingancin kaya na Amurka, Walter Shewhart da Edwards Deming, su ne tushen wannan tunani, masana'antun Japan kuma suka ɗauke shi suka bunƙasa shi bayan yaƙin duniya na biyu. Matakin dubawa shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali in babu shi sauran ukun ba su da abin dogara.

Ruwa ne ya fi dacewa a gwada shi da shi a Zinder. Garin yana zaune a kan dutse, ruwan ƙasa ya yi ƙaranci, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Ma'aikatar da ke son rage ɓarna za ta soma da karanta mita kullum a lokaci ɗaya na tsawon wata guda. Sai ta karanta da yamma bayan an tashi, ta sake karantawa da safe kafin a buɗe ko famfo ɗaya. In lambar ta motsa cikin dare, akwai yoyo a bututu ko a tankin bayan gida. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, fiye da bido guda. Bayan an san adadin farko ne ake yanke buri mai lamba da wa'adi da sunan mai alhaki, misali rage kashi 10 cikin 100 kafin ƙarshen shekara. “Za mu yi tattalin ruwa” ba buri ba ne da mai bincike zai karɓa.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Dole a auna ruwan da abin da aka samar, ba jimilla kaɗai ba. Majemar da ruwanta ya ragu da kashi 20 a shekarar da fatar da ta jeme ta ragu da kashi 40 ba ta inganta komai ba, ɓarnarta a kan kowace fata ma ƙaruwa ta yi. Ma'aunin da ke faɗin gaskiya shi ne lita nawa a kan fata ɗaya, lita nawa na gazuwal a kan kilomita 100, kilo nawa na shara mai haɗari a kan gadon asibiti ɗaya.

Jima ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, tunda Damagaram ta yi suna a fata da dukanci. Majeman gargajiya suna aiki da toka da bagaruwa, matsalarsu ta fi yawa a wari da ruwan jiƙo da ragowar nama da gashi. Jimar zamani tana amfani da farar ƙasa da sinadarin salfaid wajen cire gashi, sannan asid da gishirin kirom wajen jima. Tan ɗaya na ɗanyar fata yakan ba da kimanin kilo 200 zuwa 250 na jemammiya, sauran duk shara ce da ruwa. Kuskuren da ke kisa shi ne barin ruwan cire gashi ya haɗu da ruwan asid a magudana ɗaya. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ke daina jin ta, ta kayar da mutum a cikin rami. Tsarin da ya san aikinsa zai raba magudanun biyu, ya hana shiga ramin ba tare da iska ta ratsa shi ba da wani a tsaye a baki. Zai kuma hana ƙona ɓarɓashin fata mai kirom, domin wuta na iya juya kirom ɗin zuwa nau'in da ke jawo ciwon daji.

Idan aka gano saɓani, gyara iri biyu ne. Share man da ya zube gyaran gaggawa ne. Gyaran asali shi ne bin diddigi, tunda ruwa ba ya tsami banza: me ya sa tanon ya cika ya tumbatsa? Ba a zo ɗauka ba. Me ya sa? Ba a kira ba. Me ya sa? Wanda aka ɗora wa kiran an canza masa wurin aiki, ba a damƙa wa kowa ba. Maganin ke nan ya koma kan yadda ake miƙa aiki, ba kan yaron da ke riƙe da mazurari ba. Bayan wata biyu ko uku a dawo a duba ko abin ya sake faruwa, sannan a rufe takardar.

Inda ake yawan tuntuɓe

Mafi yawan tsare-tsaren da suka mutu, a aljihun tebur suka mutu. An ɗauko ƙwararre daga Yamai ko daga waje, ya rubuta kundi mai kauri da Faransanci, alhali masu riƙe da tiyo da shebur Hausa ko Barbarci suke ji, wasunsu kuma ba sa karatun boko. Umarnin da ke aiki shi ne mai hoto, manne a bangon wurin aikin, wanda aka yi bayaninsa da baki aka kuma gwada a gaban mutum. Na biyu, a naɗa jami'in muhalli a bar shi ba kasafi, ba ikon tsayar da aiki. Na uku, a bar mutum ya binciki sashensa da kansa, abin da ƙa'idar ta hana ta hanyar neman mai binciken cikin gida ya zama ba ya da ɓangare.

A asibiti tuntuɓen a bakin gado yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce ta yau da kullum, kashi 15 ne mai haɗari. Da zarar allura ɗaya ko auduga mai jini ta faɗa kwandon takardu, kwandon gaba ɗaya ya koma mai haɗari. Kwalin allura ana rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu, ba a danna shi da hannu. Tandun ƙona shara kuma in bai kai zafin digiri 850 ba, robar da ke ciki tana fitar da guba mai suna dayoksin, hayaƙin ya sauka a kan maƙwabta.

Wata matsalar ba laifin ma'aikatar ba ce. Za ta iya ware shararta da kyau, amma in babu wurin da aka amince a kai mai haɗarin a kusa, sai dai ta adana ta ko ta biya kuɗin mota zuwa nesa. Irin wannan giɓi hukumar gari da gwamnati ne ke iya cike shi.

Takardar shaida: masu yabo da masu suka

ISO ba ta ba kowa takarda. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke bincike su bayar, irin su AFNOR, Bureau Veritas da SGS, su ma akwai masu tantance su, kamar COFRAC a Faransa da SOAC na ƙasashen UEMOA. Binciken farko zango biyu ne, na takardu da na gani da ido. Takardar tana aiki shekara 3, ana dawowa dubawa kowace shekara, ana kuma iya dakatar da ita ko a janye.

Masu goyon baya suna cewa sanin baƙo zai zo duk shekara yana hana sakaci, cewa ragin ruwa da wuta da gazuwal kuɗi ne da ke komawa aljihun kamfani, kuma mai son sayar da fata ko riɗi ko ƙaro a Turai yana samun sauƙin shiga kasuwa. Masu suka suna da hujja uku. Ƙa'idar ba ta yanke adadin hayaƙi ko dattin ruwan da ba za a wuce ba, don haka kamfanoni biyu, ɗaya mai tsafta ɗaya mai ƙazanta, duka suna iya riƙe takarda ɗaya muddin kowanne yana da tsari yana kuma nuna motsi. Wanda ake bincika shi ke biyan mai binciken. Sannan ba a tilasta wa kamfani ya buga alƙalumansa ga jama'a ba, saɓanin EMAS na Turai da ya wajabta fitar da rahoton da aka tantance. Hujjojin nan uku gaskiya ne, kuma rubutun ƙa'idar da kansa bai musa na farkon ba. Abin da takardar ke shaida shi ne akwai tsari kuma yana tafiya. Tsaftar ruwan da ke fita ta bayan katanga, sakamakon awon ɗakin gwaji ne ke nuna ta.

Ga ƙananan masana'antu akwai hanya ta uku. ISO 14005 ta tanadi kafa tsarin mataki-mataki, kuma mai injin niƙa ko mai sarrafa ruwan leda zai iya soma da abu biyu da suka fi girma a jerinsa, littafi ɗaya da karatun mita, ba tare da kuɗin mai bincike daga waje ba.

Abin da zai taɓa mutumin gari

Ƙananan ƴan kwangila ne za su fara ji a jika. Babban kamfani mai takarda dole ya sa ido a kan waɗanda ke yi masa aiki, saboda haka direban tanka, mai kwasar shara da mai kawo yashi za a soma neman su da takardar inda suka zubar da inda suka haƙo. Wanda ya iya riƙe irin wannan littafi zai riga ɗan'uwansa samun aiki. Matasan da suka karanta fannin muhalli ko kimiyyar ƙasa, a jami'ar André Salifou ko wani wuri, guraben jami'in lafiya da tsaro da muhalli na cikin waɗanda irin waɗannan ayyuka ke buɗewa.

Akwai waɗanda cinikinsu zai ragu. Masu sayen baƙin mai don shafa wa azara saboda gara, da masu sayen tano da bidon da aka kawo sinadari a ciki suna sayarwa a kasuwar Dole, za su tarar kamfani mai tsari ya daina saki, domin abin da ake koyarwa a kan mazubin maganin ƙwari shi ne a ɗauraye shi sau uku a huda shi don kada ya koma na ruwan sha. Asara ce ga mai sana'ar, kariya ce ga gidan da da zai zuba ruwan sha a ciki.

Maƙwabcin masana'anta kuma yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ƙa'idar ta ce a amsa saƙonnin da suka shafi muhalli daga waje a kuma adana shaidarsu, ayyukan Bankin Duniya kuwa dole su kasance da hanyar karɓar koke. Koken da ke tasiri shi ne rubutacce, mai kwanan wata da awa da wurin da abin ya faru, da hoto in ya samu, a kai kofi biyu a buga wa ɗaya hatimi a dawo da shi. Mai unguwa na iya sa hannu a madadin jama'a, a aika wani kofin ga ofishin hukumar gari da ofishin muhalli na jaha. In kamfanin ya nuna takardar ISO da ke rataye a ofis, a karanta abu huɗu a jikinta: aikin da ta rufe, adireshin wurin, ranar ƙarewarta, da sunan wanda ya bayar. Takardar da aka ba hedkwata a Yamai ba ta rufe ma'ajiyar da ke Zinder ba sai in an rubuta sunan wurin a ciki ko a takardar da ke haɗe da ita.